Tafiyar Ƙasa Bayan Ƙiba: Waiwaye Daga Gadarif

Gadarif ɗin da na tashi a ciki, a ƙasar Sudan, gari ne da ake rayuwa a kan ƙafa. Ruwa bai taɓa wadatar garin nan ba, don haka yaro yakan buɗe ido da jarka a ka, ko yana kora jaki zuwa rijiya ko tafkin hafir. Makaranta da ƙafa, kasuwa da ƙafa, gaisuwar mutuwa a unguwar Dem Bakur ko ɗaurin aure a Dem Nur duk da ƙafa. A tsallake kwarin Abu Farga in ya ƙafe, in ya kawo ruwa a tsaya a bakinsa har ya janye. Da kaka kuwa, idan riɗi ya nuna, duk mai ƙarfi a gidanmu yana gona da lauje, domin riɗi ba ya jiran kowa. Aka makara kwanaki kaɗan, kwanso ya tsage, ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Ban taɓa jin wani a unguwarmu ya ce zai fita ya miƙe ƙafa don neman lafiya ba. Da ya faɗa, da an yi masa kallon marar aikin yi.

Mu Hausawan nan ma ƙafa ce ta kawo mu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Kafin su da bayansu, dubban maniyyata sun biyo wannan hanya: daga Kano zuwa Borno, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, su ƙetare Nilu su nufi Suwakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, saboda guzuri yana ƙarewa a hanya, sai a yada zango a yi noma damina ɗaya ko biyu, a tara abin da aka tara, a sake ɗaura kaya. Aikin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 ya riƙe wasu. Noman tarakta da Turawan Ingila suka fara a Gadambaliya, yamma da garin nan, a tsakiyar shekarun 1940, ya riƙe wasu, domin tarakta tana huɗa da shuka ne kawai, noman ciyawa da yankan dawa da riɗi sai hannu. Kakata tana yarinya aka taso da ita daga ƙasar Haɗeja, kuma har ta tsufa ba ta yarda a ɗauke ta a mota zuwa inda ido ke iya hangowa ba.

Jikanta ne ya wayi gari ba ya iya zuwa masallacin Juma'a sai a mota.

Abin bai zo dare ɗaya ba. Da aka gama kwaltar Madani zuwa Gadarif a 1977, motoci suka yawaita. Masu gonaki suka sayi boksi, wato a-kori-kura, daga baya raksha ta cika gari, ita ce mutanen Kano ke kira A Daidaita Sahu. Sai waya ta zo ta kashe aike: saƙon da a da ake tura yaro ya kai unguwar Salamatul Be ya dawo, yanzu ana isar da shi daga kan kujera. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alheri ne, kuma ba na fatan a koma zamanin da mai naƙuda ke jiran jaki. Amma kowannensu ya zare wani abu daga aikin da jiki ya saba yi, kuma ba mu lura ba, saboda abin da aka sauke maka ba ka kukan rashinsa.

Ni kuma na bar gona na koma dillanci a kasuwar amfanin gona, inda ake cinikin riɗi da dawa da ƙaro da ke fitowa daga jihar nan. Aikin dillali zama ne da magana, maganar kuma ba ta yiwuwa sai da shayi. Kowane manomi ya zo, a aika wa mai shayi. Kowane ɗan kasuwa daga Bur Sudan ya sauka, a sake aikawa, ko a kawo gahawar jabana. Sukari cokali uku a ƙaramin kofi ba ya ba kowa mamaki a ƙasar da ke da masana'antun sukari na Kenana da Sabuwar Halfa. Da hantsi a ci ful da man riɗi da burodi, da rana kisra ko asida, da dare a bi ta wajen masu agashe, wanda mu ne muka koya wa Sudan cinsa. Abincin kansa ba shi da laifi. Abincin mai yankan riɗi ne, wanda zai yini a sunkuye cikin rana, sai ga shi mai zaman rumfa yana cin irinsa, har ma ya fi, tunda aljihunsa ya fi nauyi.

Kuma ba wanda ya tsawata. Akasin haka ma aka yi. Tsofaffin unguwa in sun gan ni sai su ce, "Masha Allah, Alhaji, hutu ya karɓe ka." A wajen mutanen da suka ga yunwar 1984 da idonsu, ƙiba shaida ce cewa Allah ya rufa asiri, kuma ban ga laifinsu ba. Suturarmu ma tana taya mu ɓoyewa. Mai ɗaura bel yana samun labari duk lokacin da ya matsa rami ɗaya, mai jallabiya da wando mai mazagi kuwa zai iya ƙara kilo 30 tufafinsa ba su ce masa komai ba. Sikelin da muke auna buhuna ne ya fara gaya mini na haura kilo 100, da tazara mai yawa.

Jiki ya daɗe yana magana kafin nan. Hawa bayan lori don duba buhuna ya zama abin da nake tura yaro. Minsharina yana tada mutanen gida. Na tashi daga sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu, daga baya na fara neman kujera a sahun ƙarshe, kusa da dattawan da suka girme ni da shekara talatin. Wannan ya fi komai taɓa ni. Da na je asibiti, wata likita 'yar ƙanƙanuwa da ba ta wuce sa'ar 'yata ba ta auna jinina, ta ce ya hau, sukarin ma yana bakin ƙofa. Ta rubuta mini maganin hawan jini, sannan ta ce, "Kawu, wannan zai riƙe ka, amma ƙafarka ce za ta dawo da kai. Kada ka yi gudu. Ka fara da abin da kake ganin ya yi kaɗan."

Na daɗe ina juya wannan magana ta ƙarshe, domin na ga abin da gaggawa ta yi wa wasu abokaina. Mutum zai tsorata da maganar likita, ya sayi takalmin 'yan ƙwallo, ya fita filin wasa ya yi ta sassarfa, bayan mako guda gwiwa ta kumbura, diddige ya ɗau zafi, ya koma ya zauna yana cewa motsa jiki bai karɓe shi ba. Dalilin a fili yake. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashi ya sake. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da guringuntsin gaɓoɓi, su kuma jini kaɗan ke isa gare su, don haka ƙarfinsu yana ginuwa ne a hankali cikin watanni. Mutum sai ya ji ƙirjinsa ya ba shi izini alhali gwiwarsa ba ta shirya ba. Wani bincike da aka yi a jami'ar Wake Forest ta Amurka a 2005, kan masu ƙiba da ciwon gwiwa, ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu na matsi a kowane taku. Wanda ya juya lissafin zai gane abin da mai teɓa ke ɗora wa gwiwarsa in ya ce zai yi gudu.

Sai na bi tsarin ayarin kakanninmu, zango-zango. Su ba su tsaya a Kano suna auna nisan Suwakin ba, rijiyar gaba suke nufa, in sun kai su huta su nufi ta gaba. Zangona na farko masallacin unguwa ne, da asuba. Da na ga na fara zuwa ba tare da haki ba, sai na riƙa dawowa ta bayan layi. Daga nan na koma sallah a masallacin da ke gaba da namu. Limaminmu da ya lura ba ya ganina ya tambaya, na gaya masa dalili, sai ya yi murna, ya tuna mini labarin Banu Salima da suka so tasowa su dawo kusa da masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka umarce su su zauna a gidajensu na nesa saboda ladan takunsu. Duk mako nakan ƙara 'yan mintoci, in gwiwa ta yi ƙorafi in koma zangon baya in ƙara zama a kansa. Ma'aunin saurina shi ne wanda likitar ta ba ni: in ina iya amsa gaisuwa da cikakkiyar magana amma ba na iya jan karatu da ƙira'a, to na yi daidai. In gaisuwar ma ta gagara, na wuce gona da iri.

Gadarif tana da nata sharuɗɗan. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, duk wanda ya bari rana ta ɗaga ya fita da nauyi irin nawa yana wasa da ransa, don haka daga asuba zuwa fitowar rana ne lokacin, sai kuma bayan magariba. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani takan dare, ramukan su kama ƙafa su gurɗe ta, musamman da duhu. Daga Yuni zuwa Oktoba kuwa takan zama taɓo mai kama takalmi, kowane taku ka ɗago da rabin titi. Da damina nakan bi gefen kwalta, ranar da sama ta ƙi ɗaukewa in yi ta kai da komo a tsakar gida tsakanin ɗaki da zaure. Nuwamba zuwa Fabrairu su ne watannin daɗi, a nan mutum ke tara abin da zai riƙe shi sauran shekara. Takalminmu markub na fata yana da kyau a taro amma ba na doguwar tafiya ba ne. Mai ciwon sukari kuma lallai ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk dare, domin ciwon yana kashe ji, ƙaya ta shiga bai sani ba.

Duk waɗannan masu sauƙi ne in aka gwada su da idon jama'a. Babban mutum a garin nan ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili, dalilin kuma ba ya zama mai daɗi. Mai raksha zai taka birki ya ce, "Baba, hau in kai ka, ba sai ka biya ba." Aboki zai tsayar da mota ya buɗe ƙofa, in ka ce masa tafiyar kake so, ya ɗauka kunya ce, ya yi ta rantsuwa sai ka shiga. Tausayi ne da mutunci, kuma ƙin karɓarsa yana da nauyi a baki. Sannan ga magana a bayan ido: Alhaji ya sayar da mota, riɗi ya karya shi. Ga dillali wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda jarinsa shi ne manomi ya yarda ya bar masa buhu ɗari ya tafi gida ya yi barci. Wani manomi da muka shekara muna hulɗa ya zo har gida ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya ce, "Yaya, in akwai matsala ka gaya mini, ni ɗan'uwanka ne." Na kai shi ya ga motar a inda take, na nuna masa takardar asibiti. Daga ranar na daina ɓoye dalili. Duk wanda ya tambaya nakan ce hawan jini gare ni, likita ta sa ni. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan waɗanda suka sassauta murya suka ce su ma an gaya musu haka, kunya ce ta hana su fita. Ina ganin rabin masu ƙiba a kasuwarmu ba lalaci ke zaunar da su ba, tsoron abin da za a ce ne. Biyu daga cikinsu suka fara biyo ni, kuma da muka zama ayari sai maganar karyewa ta mutu, don ba a cewa dillalai uku sun karye rana ɗaya.

Dole in faɗi gaskiya game da sikeli, saboda a nan mutane da yawa ke karaya. Tafiya ita kaɗai ba ta narkar da kitse da sauri. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, mai nauyin kilo 100 kuwa in ya taka kilomita ɗaya abin da zai ƙona bai kai kalori 100 ba. Shayi biyu masu cokali uku-uku sun isa su mayar masa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, a rumfarmu kuwa mutum yana wuce haka kafin azahar. Sai da na sauko daga cokali uku zuwa ɗaya, na rage burodi da cin dare, sannan nauyi ya fara sauka yadda ido zai gani. Amma ribar tafiya ta riga sikeli isowa. Barci ya gyaru, kasalar bayan cin rana ta ragu, awon jini ya sauko, kuma wata rana na miƙe daga sujada na ga ban dafa ƙasa ba. Tsokar da ke aiki tana zuƙar sukari daga jini ko da insulin bai wadata ba, shi ya sa tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci take da amfanin da ya fi girmanta.

A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum 3,234 da sukarinsu ya hau amma bai kai ciwo ba, irin halin da aka same ni a ciki. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, akasari tafiya da ɗan hanzari, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba maganin metformin, nasu ya ragu da kashi 31. Kashi 7 ɗin nan ya kamata a riƙa gaya wa mutane, domin mai kilo 110 yakan zaci sai ya koma siffarsa ta samartaka kafin ya tsira, alhali kilo 8 ma babban aiki ne. Haka batun taku 10,000 da wayoyi ke nuna wa mutane. Asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965. Binciken da I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta a 2019 kan mata tsofaffi ya gano cewa masu taku kimanin 4,400 a yini sun fi masu 2,700 tsawon rai, ribar kuma tana ƙaruwa har wajen 7,500. Wanda ya fara daga kujera bai kamata a tsorata shi da lambar talla ba.

Matanmu sun fi mu shan wuya a wannan fanni. Amarya ana son ta cika, haihuwa tana ƙara mata, ruwan da take ɗebowa a da yanzu mai kura ke kawowa, kuma mace mai mutunci da ta fita da asuba ita kaɗai za ta ji maganar da ta fi wadda na ji. Uwargidana da maƙwabtanta sun samo dabararsu: ziyarar dubiya da barka da suke zuwa a raksha sai suka mayar da ita ta ƙafa, su huɗu ko biyar bayan la'asar. Ba wanda ke tambayar mata masu zuwa barka ina za su.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023, magana kan ƙiba ta zama mai nauyi a baki. Da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, da kuma Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo Gadarif, makarantu suka zama masauki, wasu sun iso a ƙasa cikin damina, ƙafafu a kumbure, da tsofaffi a baya. Nakan haɗu da su a hanyata ta asuba, kuma na san bambancin mai tafiya don ya zaɓa da wanda aka koro. Amma yaƙin bai sa batun ya zama wasa ba. A cikin waɗanda suka iso akwai masu hawan jini da suka yi makonni ba magani, da masu insulin da ya lalace saboda zafi da rashin wuta. Ciwon da ake lallaɓawa cikin zaman lafiya yakan zama ajali in kantin magani ya rufe. Duk wanda sukarinsa ke bakin ƙofa a ƙasar nan yanzu, hana shi shigowa ya fi muhimmanci a kan kowane lokaci da na sani.

Wanda ya fi damuna yanzu ɗan ƙanwata ne. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan safa mai hawa biyu ta Landan, ya ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi da ke yini a zaune a kan kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi, duk da mota ɗaya suke aiki. Yaron nan raksha yake ja tun fitowar rana har bayan isha, abincinsa a kan kujerar yake ci, lemon kwalba ne ruwan shansa, kuma bai kai talatin ba teɓa ta fara turo riga. Mahaifiyarsa tana kallonsa tana jin daɗi. Na zaunar da shi na ce, "Ɗana, ni sai da na haura hamsin aka auna ni, kai kana da lokacin da ban samu ba. Ka ba ni rabin awa kafin ka tada raksha." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To Kawu, in zafi ya sauka." Nuwamba na tafe, kuma gidansu yana kan hanyata in na fito daga masallaci.